Yadda Ake Zama Masanin Asalin Sararin Samaniya: Karatu, Kayan Aiki da Inda Ake Tuntuɓe

Yawancin ranakun aikin masanin kosmoloji, wato mai binciken yadda sararin samaniya ya faro da yadda ya kai ga halin da yake ciki yau, a gaban kwamfuta suke ƙarewa. Na'urorin da ke tattaro masa bayanai suna can hamadar Atakama a ƙasar Chile, ko kan ƙanƙarar Antaktika, ko a sama, nisan kilomita miliyan 1.5 daga doron ƙasa. Da yawa daga cikin masu wannan aiki har su yi ritaya ba su taɓa waɗannan na'urori da hannunsu ba. Lambobi ne ke iso musu. Aikin kuwa shi ne a fitar da magana ɗaya daga cikin lambobin nan, sannan a faɗi iyakar kuskuren da ke tattare da ita. Faɗin iyakar kuskuren nan shi ne ainihin sana'ar, kuma duk matakan da za mu bi, daga aji har neman aiki, shiri ne na iya shi.

Abin da za ka riƙa aunawa

Fagen ya tsaya ne a kan shaidu uku, kuma sanin su tun da wuri zai nuna maka darussan da ba za ka yi wasa da su ba.

Ta farko, sararin samaniya yana buɗewa. Alexander Friedmann ya fitar da hakan daga lissafin Einstein a 1922, Georges Lemaître ya haɗa shi da abin da aka auna a 1927, Edwin Hubble kuma ya nuna a 1929 cewa gwargwadon nisan galaksi, wato babban gungun taurari, gwargwadon saurin da yake nesanta da mu. Hasken da ya taso daga nesa yana miƙewa a hanya, ya karkata zuwa ja, kuma ana rubuta girman wannan karkata da harafin z.

Ta biyu ita ce tsohon hasken da ya cika ko'ina, wanda ake taƙaita sunansa da CMB. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka ci karo da shi, aka wallafa a 1965. Ya kuɓuto ne lokacin da sararin samaniya yake da shekara kusan 380,000, zafinsa kusan Kelbin 3,000, a ma'aunin zafi da ke farawa daga ƙarshen sanyi. Yau ya huce zuwa Kelbin 2.725. Ko'ina ka juya zafin ɗaya ne, sai ɗan bambanci na kusan kashi 1 cikin 100,000. Wannan ɗan bambanci shi ne irin da galaksi suka tsiro daga gare shi, kuma tauraron ɗan'adam uku aka harba musamman domin auna wannan haske: COBE a 1989, WMAP a 2001, Planck a 2009.

Ta uku, sinadaran da aka ƙera a mintocin farko: kusan kashi 75 cikin ɗari haidurojin, kashi 25 hiliyam, idan da nauyi aka auna. Lissafi ya faɗi haka, awo ma ya tabbatar.

Idan aka haɗa su, ana samun tsari mai lambobi shida kacal da ke cewa shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8 ne, abin da muka sani na sinadarai bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari ba, kusan kashi 27 ɓoyayyen abu ne da ba ya fitar da haske, kusan kashi 68 kuma ɓoyayyen makamashi ne da ke ƙara wa buɗewar sauri, wanda ƙungiyoyi biyu suka gano alamarsa a 1998. Babu wanda ya san mene ne waɗannan biyun. Haka kuma lissafin da muke da shi ba ya kaiwa ga farkon lokaci kansa, yana rushewa kafin nan. Saboda haka kada ka shigo da tunanin za ka auna daƙiƙar farko kai tsaye. Sawun da ta bari za ka bi.

Digiri na farko: fiziks da lissafi

Ka karanta fiziks. Ba dole ba ne jami'arka ta kasance da sashen ilimin taurari, domin masu ɗaukar ɗaliban digiri na uku sun fi duba ƙarfinka a fiziks da lissafi. Wanda ya fito daga lissafi ko injiniyanci ma yana shiga, muddin ya cike giɓin fiziks.

A ɓangaren lissafi, kalkulas har zuwa mai canji da yawa, aljabrar matiris, ikweshan na difarenshiyal, nazarin Fourier, da lissafin yiwuwa da ƙididdiga. Na ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi rainawa, shi ne kuma za su fi buƙata kowace rana. A ɓangaren fiziks, makaniks, lantarki da maganaɗisu, kwantam, ilimin zafi da makaniks na ƙididdiga, sai ka'idar Einstein ta dangantaka, ƙarama da babba. Babbar tana buƙatar lissafin tensa, kuma idan ba a koyar da ita a makarantarka, ka fara da kanka a shekarar ƙarshe.

Ga misalin da zai nuna maka dalilin da ya sa ba a tsallake makaniks na ƙididdiga. Ana buƙatar makamashi na eV 13.6, a ma'aunin makamashin ƙananan ƙwayoyi, kafin a raba ilektaron da ƙwayar haidurojin. Wanda ya tsaya nan zai ce ƙwayoyin sun haɗu ne tun zafi yana sama da Kelbin 100,000. Amma ba su haɗu ba sai da zafi ya sauko kusan 3,000. Dalili: ƙwayoyin haske sun fi furoton yawa fiye da sau biliyan, don haka ko 'yan tsirarun da suka fi saura ƙarfi sun isa su riƙa farfasa duk haidurojin da ya haɗu. Sai da waɗannan tsirarun ma suka yi rauni sannan haske ya sami hanya. Idan ka iya fitar da wannan da biro da takarda, ka fahimci inda CMB ya fito.

Ka saba da irin wannan lissafi na kai. Ɗauki saurin buɗewa a matsayin kilomita 70 a daƙiƙa a kowane megafasek. Megafasek ɗaya shi ne nisan da haske ke yi a shekara miliyan 3.26, wato kilomita 3.086 sau 10 mai ƙarfin 19. Raba wannan da 70, za ka sami daƙiƙa 4.4 sau 10 mai ƙarfin 17. Raba da daƙiƙun shekara, kusan miliyan 31.6, sai ga shekara biliyan 14. Cikin layi uku ka kusanci shekarun sararin samaniya. Wanda ya saba da haka, ranar da kwamfuta ta ba shi amsar banza zai gane nan take.

Kwamfuta

Python shi ne harshen yau da kullum, tare da NumPy, SciPy, Matplotlib da Astropy. Ka koyi aiki da Linux ta hanyar rubuta umarni, domin manyan kwamfutocin bincike ba su da abin dannawa. Ka koyi Git tun aikin farko, ka koyi LaTeX domin rubuta maƙala. Daga baya C ko C++ zai yi maka amfani, wasu tsoffin manhajoji kuma da Fortran aka rubuta su. Na fagen kansa su ne CAMB da CLASS, masu lissafa abin da tsari ya yi hasashe, healpy mai sarrafa taswirar sama, da emcee ko Cobaya masu nemo lambobin da suka dace da bayanai. Duk kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta ta cinya ta isa aikin farko.

Aikin gwaji na farko

Babbar falalar wannan fage ita ce yawancin bayanansa a buɗe suke. Taswirorin Planck suna rumbun hukumar sararin samaniya ta Turai, bayanan na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb suna rumbun MAST, shirin zana taswirar sama na SDSS ma yana sakin nasa. Maƙalu suna rumbun intanet na arXiv, ana neman su ta shafin bincike na NASA ADS. Saboda haka kada ka jira wani ya ba ka aiki. Ka maimaita sakamakon da aka riga aka sani, domin a nan ne kawai za ka iya gane ko ka yi daidai.

Ka fara da taurari masu fashewa, sufanoba nau'in Ia, waɗanda haskensu yake kusan ɗaya bayan an yi masa gyara. Tarin Pantheon+ yana da awo 1,701 na sufanoba 1,550. Sauke jadawalin da ke ɗauke da z da hasken kowace ɗaya, ka sauke matiris ɗin kuskure da ke tare da shi. Rubuta ɗan kod da zai lissafa nisan da tsari ya yi hasashe ga kowace z, idan aka ba shi kason abu mai nauyi, wato ɓoyayye da bayyananne a haɗe. Sai ka gwada hasashe da awo, ka bar emcee ya yi ta zagaye har ya zauna. Idan ka ɗauka sararin shimfiɗaɗɗe ne, wato ba shi da lanƙwasa, amsar da ya kamata ka samu ita ce kusan 0.33.

Wurare uku ake faɗuwa a nan. Na farko, a yi amfani da kuskuren kowace sufanoba ita kaɗai a watsar da matiris. Kurakuran suna da alaƙa da juna, domin na'ura ɗaya ce ta auna da yawa daga cikinsu, kuma idan ka yi watsi da alaƙar za ka sami iyakar kuskure ƙarama fiye da gaskiya. Na biyu, a bar sufanoba na kusa sosai a ciki. Galaksi suna da nasu motsin na ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa saboda jan maƙwabta. A z na 0.01, saurin buɗewa kilomita 3,000 ne a daƙiƙa, don haka motsin kilomita 300 ya riga ya zama kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa ake yanke na ƙasa da haka. Na uku, ɗalibi ya yi ƙoƙarin fitar da saurin buɗewa daga sufanoba kaɗai, sai ya ga kod ɗinsa yana ta yawo ba ya zama. Ba laifin kod ba ne. Ainihin hasken sufanoba da saurin buɗewa suna shiga lissafin a cuɗe, ƙara ɗaya ka rage ɗaya amsa ba ta canzawa. Sai an kawo wani ma'aunin nisa daga waje, kamar taurarin Sefid masu bugun haske, sannan a raba su.

Idan wannan ya zauna, ka koma taswirar Planck. Ɗauki wadda aka riga aka tace, ka rufe yankin galaksinmu da abin rufewar da aka tanada, ka sa healpy ya lissafa ƙarfin bambancin zafi a kowane girman kusurwa. A zanen da zai fito za ka ga tudu na farko a lambar kusurwa kusan 220, daidai da kusurwar kusan digiri 1 a sama. Wurin da tudun nan ya tsaya shi ne babbar shaidar cewa sararin shimfiɗaɗɗe ne ko dab da haka. Cikakkiyar taswirar tana da ɗigo fiye da miliyan 50, don haka idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi ka rage ta tukuna. Idan hoton ya fito a wargaje, duba tsarin jeren ɗigo: iri biyu ne, RING da NESTED, kuma karanta ɗaya a matsayin ɗayan yana watsa komai. Idan siffar ta yi daidai amma lambobin sun yi ƙanƙanta sau tiriliyan, Kelbin ka bari inda ake son maikurokelbin, bambancin miliyan ne kuma an ninka shi da kansa. Idan tudun ya yi ƙasa kaɗan, ba ka gyara don yankin da ka rufe ba. Idan wutsiyar ta faɗi da wuri, ba ka cire dusashewar da idon na'urar ke haifarwa ba.

Ka rubuta abin da ka yi a shafi huɗu ko biyar, ka sa kod ɗin a GitHub. Wannan ya fi jimlar "ina sha'awar taurari tun ina yaro" nauyi a kowace takardar neman gurbi.

Digiri na uku da zaɓen malami

Babu hanyar zama mai bincike a wannan fage ba tare da digiri na uku ba. A Amurka ana shiga kai tsaye bayan digiri na farko, a yi shekara 5 zuwa 6, biyun farko yawanci darussa ne, kuma yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu a watan Disamba. A yawancin ƙasashen Turai sai an yi digiri na biyu, sannan a yi shekara 3 zuwa 4 ana bincike zalla. Wanda makarantarsa ba ta koyar da manyan darussan ba yana iya neman gada: cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, kuma akwai reshen da ya haɗa da kosmoloji. Ana buƙatar sakamakon karatu, bayanin abin da kake son bincika, shaidar Turanci a wurare da yawa, da wasiƙun shaida, galibi uku. Wasiƙar malamin da ya ga aikinka da idonsa ta fi ta babban farfesan da bai san ka ba sai a aji. Ka sanar da masu rubutawa aƙalla wata guda kafin lokaci. Wani abu kuma: a wannan fage ɗalibin digiri na uku biyan sa ake yi. Gurbin da ba shi da tallafi, ka yi tunani sosai kafin ka karɓa.

Zaɓen malamin da zai duba aikinka ya fi zaɓen jami'a muhimmanci. Ka bincika sunansa a ADS ka ga ko ɗalibansa suna fitowa a farkon jerin marubuta. Ka nemi ɗalibansa na yanzu da na da, ka tambaye su sau nawa suke ganin sa, kuma ina suka tafi bayan sun gama. Tambayar da aka fi mantawa ita ce: bayanan da zan yi aiki da su suna hannu, ko sai an gama gina na'ura? Manyan na'urori suna jinkiri da shekaru. An tsara harba James Webb tun da daɗewa, bai tashi ba sai 25 ga Disamba 2021. Ɗalibin da ya ɗora dukkan kundinsa a kan na'urar da ba ta fara aiki ba yana iya gama shekarunsa hannu wofi. Ka tabbata akwai rabin aikin da za a iya yi da abin da ke ƙasa.

Rassan aikin huɗu ne, ko da yake suna shiga juna. Akwai masu ka'ida, da ke aiki a kan abubuwa irin su kumburar farko, wato buɗewa mai tsananin sauri a farkon sararin samaniya, da Alan Guth ya gabatar a 1981. Akwai masu kwaikwayon sararin samaniya a manyan kwamfutoci. Akwai masu nazarin bayanai, su ne suka fi yawa. Akwai kuma masu ƙera na'ura, waɗanda ke sanyaya na'urorin gano haske zuwa ƙasa da Kelbin 1. A ganinmu ɗalibi ya fi samun tsaro idan ya riƙe biyu, misali ka'ida da bayanai. Kuma lokacin na masu bayanai ne: na'urar DESI tana ɗaukar bakan hasken abubuwa 5,000 a lokaci ɗaya, wato tana rarraba haskensu launi-launi, an harba tauraron ɗan'adam na Euclid a Yulin 2023, cibiyar Vera Rubin a Chile ta fitar da hotunan farko a Yunin 2025 da kyamara mai fiksel biliyan 3.2, ana kuma gina babbar na'urar rediyo ta SKA a Afirka ta Kudu da Ostareliya.

Yadda sakamako ke lalacewa

Kuskure iri biyu ne. Na ƙididdiga yana raguwa idan ka ƙara bayanai, amma a hankali: ninka bayanai sau 4 ka rage shi rabi, sau 100 ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma. Na tsari, wanda ke fitowa daga na'ura ko daga wani abu da ka ɗauka ba daidai ba, ko ka tara bayanan duniya ba ya motsi. Yau kusan duk rigimar fagen a kan na biyun take.

A watan Maris 2014 ƙungiyar BICEP2, mai na'ura a tsakiyar Antaktika, ta sanar da ganin wata murɗaɗɗiyar alama a CMB, irin wadda ake sa ran igiyoyin nauyi na kumburar farko za su bari. Awon yana da kyau, alamar tana nan. Amma na'urar a mita ɗaya take kallo, kamar rediyon da ke kama tasha ɗaya, gigahaz 150, kuma ƙurar galaksinmu ma tana fitar da irin wannan alama. Da mita ɗaya ba za ka iya raba su ba. Planck ya yi awo a mita tara, daga gigahaz 30 zuwa 857, kuma ƙura ta fi haske a na sama. Da aka haɗa bayanan biyu a 2015, sai aka ga ƙura ta isa ta bayyana abin da aka gani. Har yau ana neman waccan alama. Darasin aiki a nan shi ne, kafin ka yi murna da alama, ka jera duk abin da ke tsakaninka da ita wanda zai iya kwaikwayon ta, ka auna kowanne.

Irin haka ta faru a farkon aikin James Webb. Ana kimanta z ta hanya mai sauri, a duba hasken galaksi ta matatun launi daban-daban a ga inda ya ɓace. Wani galaksi mai suna CEERS-93316 ya fito da z kusan 16, abin da zai sa shi cikin mafi tsufa da aka taɓa gani. Da aka ɗauki bakan haskensa, z ɗin 4.9 ne. Wasu layukan haske masu ƙarfi ne suka faɗa cikin matatun suka yi kama da siffar mai nisa. Saboda haka kimantawar launi ɗan takara take ba ka, bakan haske ne ke tabbatarwa. Ta hanyar bakan ne aka tabbatar da galaksi masu z sama da 14, waɗanda suka wanzu tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba.

Akwai kuma iyakar da babu na'urar da za ta kawar. Sama ɗaya muke da ita. A mafi girman kusurwa da ake nazari a CMB, lambobi biyar kacal ake iya aunawa, don haka duk abin mamakin da ka gani a can, ka tuna samfurinka ƙarami ne.

Sai kuskuren da ke fitowa daga zuciyar mai bincike. Idan ka san amsar da kake so, za ka daina neman matsala a kod da zarar ta fito, ka ci gaba da nema idan ba ta fito ba. Maganinsa shi ne rufe ido: a ɓoye maka ainihin amsar ta hanyar ƙara wata lamba da ba ka sani ba, ka gama duk gwaje-gwaje, ka rubuta matakan da ka tsayar, sannan a buɗe. Kafin ka taɓa bayanan gaske ma, ka ƙirƙiri na bogi da amsar da ka sani, ka ga ko kod ɗinka zai dawo maka da ita. Idan ka gwada yanka bayanai hanya ashirin, ɗaya ta ba da abin mamaki, ka faɗi cewa ashirin ka gwada. Ana jiran sigma 5 kafin a ce an gano abu, wato damar kusan 1 cikin miliyan 3.5 cewa katari ne, amma ka sani sigma ba ta san komai game da kuskuren tsari ba.

Kada wannan ya sa ka riƙa share duk abin da bai dace ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Planck ya ba da saurin buɗewa kilomita 67.4 a daƙiƙa a kowane megafasek, masu auna shi da Sefid da sufanoba suna samun kusan 73, kuma shekaru ana bincike bambancin bai tafi ba. Sinadarin litiyam da ake gani a tsoffin taurari ya gaza abin da lissafi ya faɗa kusan sau uku. Sakamakon DESI na 2024 da 2025 ya nuna alamar cewa ɓoyayyen makamashi yana iya canzawa da lokaci, amma bai kai sigma 5 ba. Ko sabon fiziks ne, ko kuskuren da ba a gano ba, a irin waɗannan wurare ne ake samun kundin digiri mai ma'ana.

Neman lokacin na'ura da wallafawa

Lokacin manyan na'urorin hangen nesa gasa ake yi a kansa, kuma abin da ake nema ya ninka abin da ke akwai sau da yawa. Ga Hubble da Webb, masu tantancewa ba sa ganin sunan mai nema, don haka ɗalibi ma yana iya cin nasara. Takardar da ke wucewa tana faɗin tambaya ɗaya a sakin layi na farko, ta nuna da lissafi awa nawa ake buƙata, ta bayyana dalilin da ya sa bayanan da ke rumbu ba su isa ba, ta kuma faɗi abin da za a koya ko da ba a ga komai ba. Wanda ya samu, galibi ana ba shi watanni, wani lokaci har shekara guda, shi kaɗai da bayanan kafin a buɗe wa kowa.

Maƙala tana zuwa mujalla, mai tantancewa ya dawo da tambayoyi, ka amsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da fushi ba. Yawancin kundin digiri na uku maƙalu biyu zuwa huɗu ne aka ɗinke. A manyan ƙungiyoyi masu ɗaruruwan mutane akwai haɗarin ɓacewa cikin jerin sunaye. Ka nemi wani yanki da za a san naka ne, ko gwajin wani kuskuren tsari, ko wata manhaja da kowa ke amfani da ita, ka kuma tabbata kana da maƙalun da sunanka ne a gaba.

Bayan digiri

Abin da ke biyo baya shi ne aikin wucin gadi na bincike, fosdok, shekara 2 zuwa 3 kowanne, kuma yawanci sai an yi biyu ko fiye kafin a sami kujerar dindindin. Sau da yawa kowanne yana nufin sauya gari ko ƙasa, abin da ya kamata ka tattauna da iyalinka tun kafin lokacin ya zo. Ana tallata guraben a shafin ayyuka na ƙungiyar masana taurari ta Amurka, AAS, mafi yawa daga Oktoba zuwa Janairu. Ma'ana, kusan shekara guda kafin ka kare kundinka ya kamata manyan maƙalunka su kasance a arXiv. Wanda ya bar su sai watan ƙarshe ya rasa zagaye guda cur. Guraben iri biyu ne: wanda za ka yi aikin wani malami, da tallafi irin na Hubble da NASA ke bayarwa, inda kai ne za ka tsara bincikenka. Na biyun yana son shiri na shekara uku a shafi kaɗan, wanda ke nuna abin da za ka fitar a shekarar farko.

Kujerun dindindin a jami'o'i da cibiyoyin bincike sun yi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da yawan masu gama digiri na uku, kuma mutane masu ƙwazo sosai ma ba sa samu. Wasu suna zama masana na'ura ko masu rubuta manhaja a cibiyoyin hangen nesa da hukumomin sararin samaniya. Wasu suna komawa koyarwa, nazarin bayanai a kamfanoni, sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam, ko hasashen yanayi. Ƙididdiga, kod mai tsabta da iya bayyana sakamako ga wanda ba ɗan fage ba su ne abin da waɗannan wurare ke saya. Saboda haka tun shekara ta biyu ta digiri na uku ka riƙa rubuta gwaji ga kowane kod, ka ajiye aƙalla aiki ɗaya a buɗe da wani zai iya saukewa ya gudanar ba tare da ya tambaye ka ba, ka kuma karɓi duk damar gabatar da jawabi, ko na minti goma ne a taron sashe.